Shin 91 firam ce, kuma ta yaya ake ƙirga faktocin lamba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 91 firam ce, wato lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. A'a, 7 sau 13 shi ne 91. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa: su gwada 2, 3 da 5, su ga ba su shiga ba, sai su ajiye biro.

Ka ci gaba da gwada firam-firam har ka iso wadda in ka ninka ta da kanta za ta zarce lambarka. Tunda 11 sau 11 ya ba da 121, to 7 ce gwajin ƙarshe, kuma tsallake ta ne ya jawo kuskuren.

Batun ƙirga faktoci kuwa, wato lambobin da ke raba lamba ba saura, ɗauki 360. Farfasa ta zuwa firam-firam: 2×2×2×3×3×5. Biyu ta fito sau uku, uku sau biyu, biyar sau ɗaya. Ƙara ɗaya a kan adadin fitowar kowacce ka ninka: 4×3×2, faktoci 24 ke nan, in ka jera su bibbiyu, daga 1×360 har 18×20.

Ka kula da irin su 36: a 6×6, shida sau ɗaya ake ƙirga ta, shi ya sa faktocinta 9.