Ƙafar kafe babur a jikin inji: yadda ake ƙera mariƙin da zai mayar da ita firam

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai walda ne, ina kuma taɓa gyaran babura. Wani abokin cinikina ya kawo mini KTM 990 Adventure da ya saya na hannu, irin manyan baburan nan na doguwar tafiya a daji. Ƙafar gefe da ake kafe shi da ita a jikin inji aka ɗaure ta, shi kuma yana tsoron kada dutse ya buge ta ta fasa masa inji. Yana so in ƙera masa mariƙin da zai mayar da ita jikin firam. Niyyata in yanko farantin ƙarfe mai kauri in liƙa shi da walda a firam ɗin. Yaya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron abokin cinikinka yana kan hanya. Kamfanin KTM na ƙasar Ostiriya ya fito da 950 Adventure a 2003, bayan Fabrizio Meoni ya ci tseren Dakar na 2002 da babur mai irin injinsa, sai 990 ya biyo baya a 2006. Dukansu biyun mariƙin ƙafar gefensu a kwanson inji yake, kwanson kuwa zubin alminiyam ne. Zubin alminiyam ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, tsagewa yake yi. Idan dutse ya daki ƙafar, ko babur ya faɗi ta hagu, ƙafar ta zama kamar dogon ƙarfen da ake ɓanɓare ƙusa da shi, duk ƙarfin bugun ya tattaru a kan 'yan notocin da ke cikin kwanson. Wurin ya tsage, baƙin mai ya tsiyaye, mutum yana tsakiyar daji. Shi ya sa masu irin baburan nan suka daɗe suna sayen mariƙin da ke kawar da wannan nauyi daga inji.

Amma maganar walda a firam, ka ajiye ta. Firam ɗin 990 bututun ƙarfe ne mai haɗin kuromiyam da molibdenam, bangonsa siriri. Wutar walda tana canja halin ƙarfen da ke gefen ɗinkin, kuma a nan tsaga take farawa bayan an sha girgizar hanya. Ka ga an gudu daga fasa inji an faɗa karya firam. Nemi wuraren da kamfani ya riga ya tanada domin ɗaukar nauyi a ƙasan firam, kamar inda aka ɗaure matakin ƙafar direba da kunnuwan da ƙafar tsakiya (wadda ake kafe babur a miƙe da ita) take rataye, ka ɗaura mariƙinka a nan da noti. Duk waldar da za ka yi, a jikin mariƙin za ka yi ta, a kan teburinka, nesa da babur.

Kafin ka taɓa ƙarfe, ka san nauyin da ƙafar ke ɗauka. Bari mu yi lissafi da misali. A ce babur da mai da kaya ya kai kilo 250, cibiyar nauyinsa tana santimita 60 daga ƙasa, ya kwanta digiri 12 idan an kafe shi. Wannan kwanciyar tana kai cibiyar nauyin gefe da kusan santimita 12 da rabi. Idan tafin ƙafar ya sauka santimita 35 daga layin tayoyi, nauyin da ke kansa shi ne 250 sau 12.5 a raba da 35, wato wajen kilo 90. Da babur ɗin zai kwanta digiri 18, nauyin ya haura kilo 130. Ba sai ka dogara da lissafina ba: sa sikelin awon mutum a ƙarƙashin ƙafar, ka ɗora tayoyin biyu a kan katako mai tsayi ɗaya da sikelin, ka karanta da idonka.

Wannan nauyin babur ne yana tsaye shi kaɗai. Baburan nan dogaye ne, tayar gaba inci 21, don haka da yawan masu su sukan taka matakin hagu su haye alhali ƙafar tana ƙasa. Mutum mai kilo 80 in ya yi haka, nauyin da ke kan ƙafar ya kusa kilo 150, ban da girgizar hawan. Ni a wurina, mariƙin da bai iya jure ninki uku na nauyin tsaye ba, bai cancanci a ɗaura shi ba.

Inda masu ƙira da yawa suke kuskure shi ne tazarar notoci. Ƙafar ba tura mariƙi sama kawai take yi ba, murɗa shi take yi. Ka ɗauka kilo 90 ɗin nan yana aiki santimita 20 daga notocin. Idan tsakanin noti biyun santimita 4 ne, kowannensu zai ji jan kusan kilo 450. Ka buɗa tazarar ta kai santimita 10, jan ya sauko 180. Ƙarfe ɗaya, kauri ɗaya, amma wahalar notin ta ragu da fiye da rabi. Saboda haka ka nemi wuraren ɗauri masu nisa da juna, in da hali uku, waɗanda ba a layi ɗaya suke ba, kamar duwatsun murhu. Noti biyu a layi ɗaya maƙalar ƙofa ka yi, mariƙin zai riƙa wasa a kai har ramukan su yi faɗi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Kai kana tunanin kauri, ni kuma ina tunanin wane ne zai fara sallamawa ranar da dutse ya yi bugun da ya fi ƙarfin kowa. Dole wani abu ya ba da kai. Aikinka shi ne ka zaɓi wannan abin tun a kan tebur. Ƙafar ita ce mai araha, ita ya kamata ta fara lanƙwasa. Bayanta mariƙinka. Kunnuwan firam su ne na ƙarshe, inji kuwa kada bugun ya isa gare shi ko kaɗan. In ka yi mariƙi mai kaurin milimita 15 wanda ba ya motsi, ka ƙara wa ƙafar ƙarfi da rodi, to bugun zai ratsa su lafiya ya je ya yage kunnen firam. Farantin ƙarfe na milimita 6 zuwa 8, da ɗan haƙarƙari da aka tokare wurin maƙalar ƙafar da shi, shi nake ganin ya dace da irin wannan aiki. Na taɓa ganin mariƙin da aka yi da kauri fiye da kima, ya fito daga hatsari ko ƙwarzane babu, amma wurin da aka ɗaure shi a firam ya buɗe. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mai waldar ya yi aikinsa da zuciya ɗaya, lissafin ne bai yi ba.

Ƙarfe na ce, ban ce alminiyam ba. Mariƙan da ake sayarwa na alminiyam akasari sassaƙa su ake yi da na'ura daga dunƙule ɗaya. Alminiyam irin 6061 da aka gasa yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa a gefen walda, kuma yana gajiya da girgiza. Ƙarfe kuwa in ya lanƙwasa a hanya, kowane maƙeri zai miƙar da shi. Kada ka bar kusurwa mai kaifi a yankan, ka zagaye kowace kwana, ka bar ƙarfe a gefen kowane rami aƙalla faɗin notin sau ɗaya da rabi daga tsakiyar ramin. Notocin su kasance masu lambar ƙarfi 10.9 a kansu, ko aƙalla 8.8. Tunda farantinka ya ƙara kauri a wurin ɗauri, tsoffin notocin sun gajarce, ka sa masu tsayin da zai cika haƙoran ramin, ka ɗiga musu Loctite mai shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa.

Sai maganar inda maƙalar ƙafar za ta zauna. Mafi sauƙi kuma mafi aminci shi ne ka bar ta daidai inda take a da, abin da ke riƙe da ita kawai ka canja. Kafin ka kwance komai, kafe babur a kan siminti mai daidai, ka zana wurin tayoyi da wurin tafin ƙafar da alli, ka ɗora wayarka a kan faifan birki ka auna kwanciyarsa da manhajar awon kusurwa. Tsakanin digiri 10 da 15 ake so. Idan dole ta sa ka matsar da maƙalar, ka sani a tazarar santimita 35 ɗin nan, saukar da ita santimita ɗaya kacal yana miƙar da babur da kusan digiri ɗaya da rabi. Kuma ka yi awon da kaya a kai. Akwatuna da jarkokin mai suna danne shokozoba, babur ya yi ƙasa, ƙafar ta zama kamar ta ƙara tsayi, sai ya tsaya ƙiƙam, iska kaɗan ta tura shi dama.

Idan ƙafar ta sauka, dole ta ɗan zarce tsaye ta yi gaba kafin ta daki matokarinta, yadda nauyin babur zai ƙara danne ta a wurin. In ta tsaya a miƙe sak, babur yana ɗan gangarawa gaba za ta naɗe. Matokarin nan yana cinyewa da daɗewa, ka ba shi faɗi.

Sifirin da ke jan ƙafar yana da aiki biyu: ya riƙe ƙafar a ƙasa, ya kuma riƙe ta a sama. Hakan na faruwa ne idan layin jan sifirin ya tsallake tsakiyar maƙalar yayin da ƙafar ke juyawa. Wurin rataya shi in ya goce da 'yan milimita, ƙafar za ta riƙa lilo a kan gargada, ko ta sauko ana cikin gudu. Ka kwafi wannan wurin daga tsohon mariƙin daidai wa daida. Haka ma makunnin da ke kashe inji idan an sa giya ƙafa tana ƙasa. Na san ana yawan cire shi a haɗe wayoyin, ni ban yarda da haka ba, domin ƙafar da aka manta a ƙasa tana iya ɗaga babur ta jefar da mutum a kwanar hagu ta farko. Wasu makunnan da maganaɗisu suke aiki, tazararsu da ƙafar in ta canja sai inji ya riƙa mutuwa a hanya babu dalili, don haka shi ma ka mayar da shi mazauninsa na asali, ka ɗaure wayarsa nesa da zafi.

Fara da kwali, sannan falanki, sannan ka ɗiga waldar gwaji a ƙarfe ka ɗaura ka gani. A naɗe, kada ƙafar ta taɓa ƙarfen da ke riƙe tayar baya ko da shokozoba ya nutse har ƙarshe, kada ta hana dugadugin direba ko abin taka giya, kada ta yi karo da ƙafar tsakiya, kada kuma ta zama abu mafi kusa da ƙasa idan an kwanto a kwana. Ka bar ɗan sarari tsakanin mariƙin da kwanson inji, domin in ya lanƙwasa kada ya je ya soke shi. Notocin da ka cire daga kwanson, in suna cikin masu riƙe wani abu, ka mayar da su da tsayin da ya dace.

Tunda babur ɗin yashi zai shiga, ƙara wa tafin ƙafar ɗan faranti mai faɗin tafin hannun yaro don kada ta nutse, amma mara nauyi, saboda nauyi a bakin ƙafa yana wahalar da sifirin. Bayan ka gama, ka sa mai shi ya hau ta matakin hagu sau da yawa kana kallon mariƙin, ka ɗiga fenti a kan kowane noti yadda in ya juya za a gani, ka ce ya dawo maka bayan tafiyarsa ta farko a kan gargada ka sake ɗaure su ka duba gefen waldar da fitila.