Mama tana da jiki, amma tana zubewa: abin damuwa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Mahaifiyata tana karɓar maganin ciwon daji na nono a asibitin Komfo Anokye. Wata biyar da suka wuce kilo 80 take, yanzu ta dawo 74. Mutanen gida suna cewa dama mai jiki ce, ba komai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Daga wata baiwar Allah, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kina da gaskiya. Kilo 6 cikin 80 ya haura kashi 7 cikin ɗari, alhali ga mai ciwon daji, da zarar ramar ta wuce kashi 5 cikin wata shida ba tare da niyya ba, mun san akwai matsala.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙiba. Wannan ciwo yana cin tsoka, kitse kuwa ya rufe ɓarnar, sai a ga mutum cike da riga amma tashi daga tabarma ya gagare shi. Tsokar nan ita ce ke taimaka wa jiki ya jure allurar kemo, wato maganin da ake yi wa masu ciwon daji. Sikeli ma yakan yi ƙarya, domin ruwan da ke taruwa a ƙafa ko a ciki yana ƙara nauyi. Shi ya sa muke duba gefen goshi ko ya lotsa, da ƙashin wuya ko ya fito, mu gwada ƙarfin damƙar hannu, sannan mu tambayi abin da ta ci a makon da ya wuce, da abin da ke hana ta ci: tashin zuciya ne, gyambon baki, ko abinci ne ya daina yi mata ɗanɗano.

Ki riƙa auna ta sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli guda, ki rubuta. Ranar asibiti ki nuna takardar, ki roƙi a haɗa ku da masanin abinci.

Kafin nan, tana buƙatar furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, aƙalla giram 1 ga kowane kilo na jikinta kullum, wato sama da giram 70, ƙwai ɗaya kuwa kusan giram 6 ne kawai. Koko zalla ba zai riƙe ta ba. A zuba masa madara da garin gyaɗa, a haɗa da ƙosai, kifi, wake ko wagashi (cukun madara) da aka soya sosai, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Don Allah kada a hana ta nama da ƙwai wai suna ciyar da ciwon, wannan horo da yunwa ne kawai. Idan ta kwana biyu tana amai ko ta kasa haɗiya, ku koma asibiti, kada ku jira ranar da aka ba ku.