Filin Tambaya da Amsa: Babur Irin Wanda Raina Ke So

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bana na ajiye aikin gwamnati bayan shekara 35. Tun ina saurayi nake da burin mallakar babur da za a gyara mini shi yadda nake so, ba irin na kowa ba. Yanzu haƙƙina ya fito. Wane iri zan saya, kuma me zan fara canjawa? Shekaruna 60, ƙugu kuma yakan dame ni.
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sa ku ci moriyar hutun nan cikin ƙoshin lafiya.

Ku nemi babur mai ƙarfin inji 125 zuwa 150, irin zubin Honda CG125 ko Bajaj Boxer. Kayansu na nan a kasuwa, kuma da wuya a sami bakaniken da bai san cikinsu ba. Manyan baburan nan masu kai kilo 200 suna da kyan gani, amma ɗaga su in sun kwanta a yashi ba aikin mai ciwon ƙugu ba ne. Ku zaɓi mai sitata, kada ku dogara da kik. In na hannu ne, a duba lambar inji da ta shasi su yi daidai da takardu kafin a biya ko sisi.

Gyaran farko na jikinku ne, wato sirdi da kan babur. Ku hau ku zauna, ku ga ko tafin ƙafafunku biyu sun taka ƙasa sosai. In ba su taka ba, mai ɗinkin kujeru ya rage soson da kamar santimita 2 zuwa 3. A sa soso mai tauri daga ƙasa, mai laushi siriri daga sama, a ɗan tayar da bayan wurin zama don ya tokare ƙugu. Soso mai laushi zalla yana da daɗi a minti goman farko, daga nan sai ya lotse ku ji ƙarfe. Ku guji baƙar leda. Wanda ya taɓa ajiye babur a rana da azahar cikin watan Afrilu a Sakkwato ya san yadda take ƙona mutum. Fatar saniya mai launin ƙasa ta fi, ita kuwa fatar jar akuyar nan tamu ba ta da kaurin jure zama, a bar wa dukawa su yi ado da ita a gefen sirdi da jakunkuna.

Kan babur kuma a ɗaga shi yadda za ku riƙe ba tare da kun sunkuya ba, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Nan ake yawan yin kuskure: a ɗaga kai a bar tsofaffin wayoyin totur da kuloci da birki. Bayan an gama, a tayar da inji, a karya kan har ƙarshe dama da hagu. In kun ji injin ya ƙara wuta da kansa, wayar totur ta yi gajarta, kuma a kwana za ta iya fizgar ku. A canja ta nan take.

Shawararmu mai ƙarfi ita ce a ƙyale inji da shasi yadda kamfani ya yi su. Samari za su ce a huda salansa ko a cire akwatin matatar iska don ƙara. In aka yi haka ba a daidaita kabureta ba, iska kan rinjayi mai, injin ya riƙa ɗaukar zafi. Injin nan iska ce kawai ke sanyaya shi, a garin da zafi ke wuce digiri 40. Ga ƙurar hunturu da za ta shiga kai tsaye ta cinye fistin da ringi. Filogi shi ke faɗin gaskiya: bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau, ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa. Shasi kuwa da zarar an yanka an yi walda, ƙarfinsa da saitinsa sun tafi.

In za a ƙara fitilu, a ja waya daga batir ta bi ta fis, kada a fere tsofaffin wayoyi a murɗa a naɗe da salatif.

Fenti shi ne na ƙarshe. A goge tsohon, a sa na share fage, sannan launi, sannan a rufe da mai sheƙi wanda ake haɗa wa maganin tauri, don shi ne fetur ba ya ci in ya zuba a kan tanki. Kada a shafa fenti mai kauri a haƙarƙarin inji, ta nan yake fitar da zafi. In launin ya canja, ku je ofishin rajista a gyara takardu, don a shingen jami'an tsaro ana dubawa. Lasisin babur ajin A ne.

Baƙin mai kamar lita ɗaya ne, lamba 20W-50 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, saboda wasu na mota kan sa kuloci sulɓi. Lokacin ƙura a juye shi duk kilomita 1,000. Sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa da kamar santimita 2 zuwa 3.

Ku ware kuɗin hular kwano mai kyau da takalmi rufaffe tun farko, kuma ku tattare babbar riga kada leɓenta ya kusanci sarƙa ko taya. In kun daɗe rabonku da tuƙi, ku yi mako biyu kuna zagaya unguwa bayan sallar asuba, kuna gwada birkin gaba da na baya tare, kafin ku kama hanyar Wamakko ko Bodinga.