Gyambon ƙafar mai ciwon suga: "An ce daji ne, kada a bari a yi masa allura"

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe da ciwon suga. Da sanyin nan ya miƙa ƙafa kusa da kasko, tafin ya sale, har ya zama gyambo. Yau kusan wata guda ke nan. Shi dai ya ce ba ya jin zafi, amma ƙafar ta kumbura tana wari, yatsa ɗaya ya yi baƙi. Baffannina sun ce daji ne, in aka yi masa allura shi ke nan, kuma wai asibiti yanke ƙafa kawai suka iya. Wallahi ko barci ba na yi. Daga wata 'yar'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Malama, ku kai shi asibiti yau, ko da tsakar dare kika karanta wannan. Ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Wannan ya fi ƙarfin kemis.

Rashin jin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Suga ya riga ya kashe jijiyoyin ji na ƙafar, shi ya sa wuta ta ci shi bai janye ba. Baƙin yatsa kuma alama ce jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Warin da kike ji ƙwayoyin cuta ne suke aiki a ciki.

Sai zancen daji da allura, wanda na gaji da ji. Kusan kullum sai an turo mana dattijo a keke, ƙafa a naɗe da tsumma. In muka kwance sai mu tarar an cusa garin saiwa, an barbaɗa kafso, wani har da toka ko man birki. A tambayi dalilin daɗewa, amsa ɗaya ce: "An ce daji ba ya son allura." Wa ya ce? Mai magani da ke zagaya kasuwa da lasifika a kan mota, wanda bai taɓa auna sugan kowa ba. Kumburi daji, maruru daji, gyambo daji, cutar kansa ma daji, duk kuma ƙulli ɗaya yake sayar musu.

Na san inda jita-jitar ta samo asali. Ana riƙe majinyaci a gida wata biyu, wata uku, sai ƙwayoyin cuta sun shiga jini, yana rawar ɗari, ya fita hayyacinsa, sannan a kwaso shi. A yi masa allura da yamma, ya cika da asuba, a koma gida a ce allura ce. Kamar a kira 'yan kwana-kwana bayan rufin ɗaki ya rufta ne, sannan a ce ruwansu ya rushe gidan. Waɗanda suka zo da wuri, aka yi musu allurar nan suka koma gida da ƙafarsu, ba a ba da labarinsu a zaure. Allurar da ake gudu maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ta jijiya, sai insulin da zai sauke suga, don gyambo ba ya haɗewa suga na sama. Yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda suga da ɗan gyambo irin wannan suka fara.

Ba zan ɓoye miki ba, da wuya yatsan da ya yi baƙi ya dawo. Abin da ake ƙoƙarin ceta yanzu shi ne sauran ƙafar. Za a auna suga da ƙoda, a ɗauki hoton ƙashi don a ga ko cutar ta kai can, a duba gudun jini da na'urar Dopla, a kankare mataccen nama, a hana shi taka wurin. Wanda aka cire wa yatsa yana zuwa masallaci da ƙafarsa. In aka ƙara jinkiri, magana na iya kaiwa ƙasan gwiwa, ko ma rai.

Na san ke 'ya ce, ba ki ja da baffanni. Ki samu wanda Baba ya fi jin maganarsa a cikinsu, ki roƙe shi ya raka ku, ya ji daga bakin likita da kansa.

Kafin ku fita, kada a jiƙa ƙafar a ruwan zafi, kada wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. A rufe da bandeji mai tsabta, a ɗauko duk magungunan da yake sha, har da na gargajiyan, mu gani. Ku ce a duba ɗaya ƙafar ma, musamman faso da tsakanin yatsu, inda ruwan alwala ke kwanciya. Bayan an sallame shi kuma, ba shi ba kasko, ba shi ba tafiya ba takalmi, balle in bazara ta kama, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, dandamalin masallaci kaɗai ya isa ya sale masa tafi bai sani ba.