Amsar Kawu a kan ƙasusuwan Samudawa

Ɗana Bashir, bayan gaisuwa. Saƙonka ya iso, har da hoton dutsen nan mai siffar katantanwa da ka tsinta a bakin kwazazzabo. Ka ce goggonka ta hana ka shiga da shi gida, wai kayan mutanen da ne, kana son sanin ko al'adar tana da tushe.

Tana da shi. Tun muna yara, in masu haƙar rijiya suka ci karo da ƙaton ƙashi da ya koma dutse, sai a ce na Samudawa ne, a mayar a rufe. In kuwa bawon katantanwa ne ko haƙorin kifi, sai a ce ragowar ruwan Ɗufana. Kada ka yi wa tsofaffin dariya. Sun ga kifi a inda babu ruwa, suka ce lallai ruwa ya taɓa kwanciya a nan, kuma a wannan sun yi daidai. Inda suka kauce shi ne wajen mai ƙashin. Samudawa mutane ne, jama'ar Annabi Salihu, can ƙasar Larabawa. Waɗannan kuwa dabbobi ne da suka shuɗe tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa.

Ba kowace dabba ke zama dutse ba, kaɗan ne ƙwarai. Wadda ta mutu a fili, ungulu da kura da rana sun gama da ita. Sai wadda ta faɗa ƙasan ruwa, laka ta rufe ta da wuri, iska ba ta kai gare ta ba. Nama ya ruɓe, ƙashi ya rage. Laka ta yi ta hawa kan laka, nauyi ya danne ta har ta sandare. Ruwan da ke tsatsafowa ta cikin ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, su ke shiga ƙofofin ƙashin a hankali su cike su, har ya yi nauyin dutse alhali siffarsa na nan. Wani lokacin bawon kan narke gaba ɗaya, laka ta cika gurbinsa ta ɗauki kamanninsa. A ganina naka irin wannan ne.

Ka taɓa leƙa sabuwar rijiya ka ga ƙasa hawa-hawa, ja, fara, baƙa? Kamar tabarmi ne da aka jibge, ta ƙasa aka fara shimfiɗawa. Da haka masana duwatsu ke gane wace halitta ta riga wata. Shekaru kuma sukan ƙiyasta su daga wasu sinadarai da ke rikiɗa a hankali su koma wasu a cikin dutse bisa ƙa'ida sananniya.

Abin da suka karanto a ƙasarmu ta Sakkwato shi ne teku ce a da. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani hannun teku ya ratso inda Sahara take yau ya malale yankin nan. A tsaunukan wajen Goronyo aka tono wani ƙaton ƙadangaren ruwa, a 1972 aka raɗa masa suna Goronyosaurus. Farin dutsen Kalambaina da ake sarrafawa a yi siminti, yawancinsa daga bawon halittun wannan teku ya taru. Wato wanda ya yi gini da shi, ƙasan teku ya yaɓa a bangonsa.

A Nijar abin ya fi ban mamaki. Gadufawa, cikin hamadar Tenere, yau rairayi ne iya ganinka, amma shekara miliyan 110 baya koguna ne da dausayi. Nan aka samu kan wani kada da ya haura mita ɗaya da rabi, kai kaɗai fa. Nan kuma aka samu Nigersaurus, wata ƙatuwar dabba mai kiwon tsirrai da haƙora wajen 500. In Allah ya kai ka Yamai, ka shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka ga ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus, wata dabbar ta wancan zamani, da idonka. Su ma Buzayen wajen Ingal suna da labarin wani dodo, Jobar, da suke danganta irin waɗannan ƙasusuwa da shi, ka ga ba mu kaɗai ba ne. Gatarin aradu kuma kada ka haɗa shi da su, wannan hannun mutum ne ya sassaƙa shi.

To, batun hanin goggonka. Babu aljani a dutsen, ba zai cuce ka ba. Amma ni ina bayan a bar abu inda aka gan shi, don rabin bayaninsa yana jikin hawan ƙasar da ya fito. Da zarar an ɓamɓare shi an kai kasuwa, babu mai iya cewa na wane zamani ne. Tunda ka riga ka ɗauka, ka rubuta ainihin wurin, ka koma ka ɗauki hoton bangon kwazazzabon da biro a gefe don a gane girma, ka kai sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su duba. Kafin nan ka ajiye shi a zaure, kada ka ja da goggonka. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.