Gwaranci, tsamin baki da in-ina ba abu ɗaya ba ne

Tambaya: Malam, ɗana ya shekara 3 amma "yuwa" yake cewa maimakon "ruwa". Kakarsa ta ce in-ina ce. Haka ne?

Amsa: Ba in-ina ba ce, Hajiya, tsamin baki ne. Yadda mutane ke cakuɗa waɗannan kalmomi yana damuna ƙwarai, domin kowacce da inda ta dosa.

Gwaranci shi ne "ba-ba-ba" da "da-da-da" da jariri ke farawa wajen wata 6, sauti ba ma'ana. Kalmar farko takan fito wajen shekara 1, haɗa kalma biyu kamar "Mama zo" kuma tsakanin wata 18 da 24. Tsamin baki kuwa yaro ya san kalmar sarai, harshensa ne bai kai ga harafin ba, sai ya sauya shi da mai sauƙi. Harafin "r" yana cikin masu zuwa a makare, don sai ƙarshen harshe ya iya kaɗawa, kuma Hausa "r" biyu gare ta: ta "ruwa" daban, ta "tara" (9) daban, ko da yake rubutu bai raba su ba. In-ina ita ce sarƙewa ko maimaita gaɓa, "ka-ka-kawo". Takan ɓullo tsakanin shekara 2 da 5, kuma yawancin yara tana sakinsu.

Kada ku kwaikwaye shi, kada ku ce "sake faɗa" sau goma. In ya ce "yuwa", ku amsa da "ga ruwa", kunnensa ya ji daidai. Abin da ke buƙatar likita shi ne yaron da ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waigowa in an kira shi. A fara da auna jinsa.

Tambaya: "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" da "gemu ba ya hana ilimi", wanne ya fi dacewa da koyon harshe?

Amsa: Kowanne da fagensa. Na farko na lafazi ne. Kafin jariri ya cika shekara, kunnensa ya fara karkata ga sautukan harshen da yake ji, shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da ɓ, ɗ, ƙ, da karin sautin da ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" itace. Na biyu na kalmomi ne da nahawu, waɗanda ake ci gaba da tarawa har tsufa. Masu kafa hujja da icce don su ƙi koyo, ba su fahimci karin maganar ba.

Tambaya: Harshe biyu a gida yana jinkirta magana?

Amsa: A'a. Ku ƙirga kalmomin yaron na harsunan biyu a haɗe.

Tambaya: Mahaifinmu ya shekara 70, sunan mutum kan ɓace masa sai can ya tuno. Ruɗewa ce?

Amsa: Jinkirin tuno suna na tsufa ne. Amma in magana ta harɗe masa farat ɗaya, ko baki ya karkace, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A kai shi asibiti nan take.