Jirgin korar 'yan fashin teku na wajen 1910, ya za a tsara shi?

Malam ka ce ƙaramin jirgin yaƙi kake son zanawa irin na farkon ƙarni na 20, na sintiri a gaɓar teku, kuma duk hankalinka na kan igwa. Ni dai a ganina ka fara da gindin jirgin tukuna. Ɗan fashi baya tsayawa faɗa, da ya hango hayaƙin kwal ɗinka sai ya sulale cikin ƙorama ko bakin kogi inda ruwa ko ƙirji bai kai ba, in gindin jirginka na shiga ruwa sosai to sai dai kallo wallahi.

Duba jiragen yaƙin kogi samfurin Insect da Ingila ta ƙera a 1915, kusan ƙafa 4 kawai suke shiga ruwa, farfelarsu ma a cikin wani kwari aka ɓoye ta ƙarƙashin jirgin don kar ta daki yashi. Amma shafaffen gindi in igiyar ruwa ta taso jirgin zai ta tangaɗi, kowa amai, don haka tunda teku za ka, ƙara masa zurfi kaɗan.

Igwa ƙarama guda a gaba da bindigogin Maxim masu sarrafa kansu sun isa. Sai fitilar haske mai ƙarfi, da kwale-kwalen da sojoji za su bi 'yan fashin ciki, da farantin ƙarfe kewaye da ɗakin matuƙi saboda harsashi daga gaɓa.